Kafin Ka Sayi Jirgi, Fara Ƙirga Iyalinka

Malam Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini, domin in yi magana da 'yan'uwana mazauna bakin Kogin Neja, wanda mu a nan muke kira Kwara.

Ni manomi ne a ƙasar Yawuri, ina noman shinkafa da albasa, ranar kasuwa kuma in ɗan taɓa tireda. Su ba gadona ba ne, amma wanda ke zaune a bakin ruwa ba ya rasa ɗan kalli ko mamari da zai samo na miya. Karatuna bai wuce firamare ba, saboda haka in an ga kuskure a yi mini afuwa.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne, yanzu da zarar mutum ya sayar da amfanin gona sai ka ji ya ce zai sayi jirgi. In ka tambaye shi na mene ne, sai ya ce da shi zai riƙa su, da shi kuma zai riƙa kai iyali yawon Sallah, da biki a gungu, da kallon Rigata. Niyyar ba ta da laifi. Inda gizo ke saƙar shi ne, in ya je saye, kifin yake tunawa, ya manta da iyalin.

Ni ma haka na yi. A shekarar 2019 na sayi wani tsohon kwale-kwale a hannun wani masunci, don na ga yana da araha. Siriri ne, ba nauyi, mutum ɗaya ma ya tuƙa shi, kuma yana kutsawa cikin ciyawa inda kifi ke kwana. Da ƙaramar Sallah ta zo, a farkon watan Yuni, sai na ɗora maiɗakina da yara 4 da ƙanwata da buhun shinkafa, muka nufi gungu gaida surukai. Tun a bakin gaɓa na ga tsakanin ruwa da bakin jirgi bai fi yatsu 4 ba, amma na ce ai kusa ne.

Da la'asar muna dawowa hadari ya taso daga gabas. Kafin mu kai tsakiya iska ta fara, igiyar ruwa tana faɗowa cikin jirgi. Maiɗakina tana kwarfe ruwa da ƙwarya, yara suna ihu, duk suka koma gefe guda. Wallahi na sadaƙar. Allah ne ya kawo wasu Sarkawa da jirgi mai inji, suka kwashe yaran, suka ja mu zuwa gaɓa. Dattijon cikinsu bai zage ni ba, cewa kawai ya yi, "Malam, wannan jirgin kifi ne, ba jirgin mutane ba." Har yau maganar tana kunnena.

To jama'a, ra'ayina shi ne: in jirgi ɗaya za ka iya saya, kuma ka san iyalinka za su shiga, to saya shi don iyalin, kifi ya biyo baya. Jirgin da ya ɗauki iyali lafiya zai iya zuwa su. Amma jirgin su ba zai ɗauki iyali lafiya ba.

Ga abin da na koya lokacin da na sake sayen wani. Da farko dubi faɗi da zurfi, kada tsawo ya ruɗe ka. Jirgi mai faɗin ciki da tsayin gefe ba ya saurin tangaɗi in yaro ya motsa. Ka sa kafinta ya yi maka benci ƙasa-ƙasa, don wanda ya zauna a kan bakin jirgi shi ke kifar da shi.

Na biyu, dubi katako. Maɗaci da kawo suna jure ruwa, katako mai taushi kuwa ba ya daɗewa. Ka bi mahaɗa da ƙusa ɗaya bayan ɗaya, duk inda ka ga an lafta kwalta da yawa, akwai abin da ake ɓoyewa. Ka ce a bar shi ya kwana a ruwa, da safe ka zo ka ga abin da ya sha. Mai sayarwa in ya ƙi, kama gabanka. Araha ba ta ado.

Na uku, gwada shi da kaya kafin ka gwada shi da rai. Ka loda buhuna daidai nauyin iyalinka a bakin gaɓa, in ruwa ya matso kusa da baki, wannan ba naka ba ne. In ya yi daidai, ja layi da fenti a jikinsa, kada ka yarda ruwa ya haye layin nan ko da surukinka ne ya roƙi a rage masa hanya.

Na huɗu, maganar inji. Ƙaramin inji mai ƙarfin doki 15 ya ishi jirgin gida. Babba yana danne bayan jirgi, ga shan mai, kuma kowa ya san yadda fetur ya koma tun da aka cire tallafi a 2023. Ko da inji, kada filafili 2 da abin kwarfe ruwa su bar cikin jirgi. Amma ni a ganina, kafin inji a fara sayen rigar ruwa, kowa da tasa, har da ƙanana daidai jikin yara. Kuma ranar fita da iyali a kwashe kalli da mamari a bar su gida, don ƙugiya ba ta san ɗan mai jirgi ba, raga kuma in ta naɗe ƙafa a ruwa ko gwani ya shiga uku.

Ba zan ɓoye ba, jirgi mai faɗi yana da wuyar tuƙi, ba ya shiga lungu, kifin da nake samu ya ragu. Wanda su ne abincinsa, ya sayi kwale-kwalensa na su, ranar biki ya biya wa iyali kuɗin babban jirgi. Taura biyu ba ta taunuwa.

Wani zai ce ai komai ajali ne. Gaskiya ne, amma malamai sun karantar da mu a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali. Ba mu manta da Mayun 2021 ba, lokacin da jirgin da ya ɗauko mutum sama da 150 ya nutse a kusa da Warra, kaɗan suka tsira. A Nuwamban shekarar, a Bagwai ta Jihar Kano, an rasa aƙalla mutum 29, yawancinsu yara 'yan Islamiyya. A Yunin 2023 a yankin Patigi ta Jihar Kwara, sama da 100 suka rasu suna dawowa daga biki cikin dare. Waɗannan jiragen haya ne, amma cutar ɗaya ce da tawa: lodi fiye da kima, ba rigar ruwa. Mu kuma a nan, tun da aka gama madatsar Kainji a 1968 ruwa ya shanye itatuwa, in ya ja kututture na nan yana jiran mai tafiyar dare.

Daga ƙarshe ina kira ga hukumar NIWA da sarakunan ruwa da su riƙa duba ƙananan jiragen gida, ba na haya kaɗai ba. 'Yan'uwana 'yan tireda kuma mu riƙa saro rigar ruwa muna kasawa a kasuwanninmu, yadda muke kasa gishiri da sabulu. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya kiyaye mu, amin.

Daga wani manomi kuma ɗan tireda,
Yawuri, Jihar Kebbi.