Tarkon Hodar Ibilis Da Maganin Zazzaɓi

Jama'a, fataucin hodar ibilis ya daina zama labarin ƙasashen nesa. Cikin shekarar 2022 Hukumar NDLEA ta kama tan 1.8 nata a Ikorodu, kusa da Ikko, kuma irin wannan kaya ba ya tsayawa bakin teku.

Masana sun sami dabarar gane ta da sauri. Tun farkon shekarun 1990 suka iya tace wani guntun zare na DNA, wato sinadarin gadon halitta, wanda kan naɗe ya cafke abin da aka zaɓe shi dominsa. Sunansa aftama. A 2001 Milan Stojanovic da abokan aikinsa na Jami'ar Kolombiya ta Amurka suka nuna irin wanda haskensa ke sauyawa in ya kama hodar.

Amma fa da sauran magana. Bincike ya tabbatar zaren nan ya fi riƙe kwinin, maganin zazzaɓin sauro, bisa ga hodar kanta. To, a dubi manoman rani na Watari, cikin ƙasar Bagwai, inda ruwan madatsa ke tara sauro. Ran da aka kawo wannan awo kan hanyarsu ta zuwa Kano, mutumin kirki mai ƙunshin magani yana iya kwana a tsare.

Saboda haka muna ganin a karɓi dabarar, amma kada alƙali ya ɗaure kowa sai babban ɗakin gwaji ya sake aunawa. Malaman makaranta da akawuna, ku wayar da kan talakawa su san hakkinsu. Zato dai zunubi ne.