FILIN MOTOCI: Tsohuwar Land Rover da Hanyar Gonar Citta a Ƙasar Kagoma

Wanda ya bi titin da ya tashi daga Kafanchan ya nufi Kwoi, ya ratsa Fadan Kagoma a watan Disamba, ƙanshin citta ne zai fara tarbarsa tun bai ga gari ba. An tsattsage ta an shanya bisa duwatsu da gefen hanya, ana jiran ta bushe a zuba a buhu. Amma gonakin da wannan citta ke fitowa ba a bakin kwalta suke ba. Suna can ciki, bayan rafuka da kwazazzabai, inda ruwan damina ke cinye hanya kowace shekara tun daga Afrilu har Oktoba. Kuɗin fito da amfanin gona daga can zuwa bakin titi, da kuɗin shigar da iri da taki lokacin shuka, suna cikin abin da ke cinye ribar manomi tun bai kai kasuwa ba.

Saboda haka ba abin mamaki ba ne in mutum ya hangi tsohuwar Land Rover, wadda Hausawa ke kira Landiroba, a kafe ƙarƙashin mangwaro tayoyinta sun sace, kaji sun mai da ita akurki, zuciyarsa ta raya masa ya saye ta da araha, ya ja ta gida ya tashe ta. Shawara ce mai kyau, ai da tsohuwar zuma ake magani. Sai dai mafi yawan masu shiga wannan aiki suna farawa ne ta inda ya kamata su ƙare, watau inji da fenti, su bar abin da rayukan mutane suka rataya a kansa.

An fara nuna wannan mota ga duniya a birnin Amsterdam cikin watan Afrilu na 1948, shekarar da aka haifi marigayi Gwamna Patrick Ibrahim Yakowa a nan Fadan Kagoma. Kamfanin Rover na Ingila ne ya ƙera ta a garin Solihull, kuma don manoma aka yi ta tun asali. Da yake ƙarfe ya yi ƙaranci a Ingila bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sai aka yi jikinta da alminiyam. Da ita Di'o ya riƙa rangadi, da ita malaman gona da ma'aikatan gandun daji irin na Nimbia da 'yan mishan da Turawan kuza na Jos suka riƙa shiga inda wata mota ba ta shiga. Samfuri na biyu ya fito a 1958, na uku kuma a 1971, aka ci gaba da yin sa har 1985. Har a Ibadan an harhaɗa ta, a masana'antar Leyland. Daga baya akori-kurar Peugeot ta Kaduna da motocin Toyota suka ture ta daga hanya, kuma a watan Janairu na 2016 aka rufe ƙera jikanyarta, Defender ta tsohon fasali. Yawancin waɗanda ake tararwa yashe yau samfuri na biyu ne ko na uku, gajera mai inci 88 tsakanin tayar gaba da ta baya, ko doguwa mai inci 109. Doguwar ita ce ta manomi.

To, wannan alminiyam shi ne tarkon da ke kama mai saye. Ba ya tsatsa. Mota za ta shekara ashirin a cikin ruwa da rana, a wanke ta a ga jikinta garau, in ban da lotsawa nan da can. Amma ƙashin da ke ɗauke da jikin, watau casis, ƙarfe ne da aka naɗe kamar akwati, cikinsa rami. Laka da ruwa suna shiga ramin su kwanta, tsatsa ta riƙa ci daga ciki zuwa waje, ta yadda sai ta gama ɓarna kafin ido ya gani. A ƙasa mai yawan ruwa irin ta Jama'a abin ya fi muni bisa ga na Katsina ko Sakkwato. Don haka kayan aikin farko na mai son saye shi ne ƙaramar guduma. Ya shiga ƙarƙashin motar ya bi casis yana ƙwanƙwasawa taki bayan taki. Inda ƙarfe ke da rai zai yi ƙara ras. Inda ya mutu sai a ji dum, ɓarɓashi na zuba. Wuraren da suka fi ruɓewa sanannu ne: gindin casis na can baya inda ake ɗaura abin ja, da hannuwan da suka fito gefe suna tallafe da jiki, da kunnuwan da sifirin ke rataye a kansu. Bangon da ya raba inji da mazaunin direba shi ma ƙarfe ne, kuma yakan huje daidai inda ake sa ƙafa da inda ƙyauren ƙofa ya kama. Har ila yau duk inda alminiyam ya haɗu da ƙarfe, danshi ya shiga tsakani, za a ga farin gari kamar toka, alamar alminiyam ɗin ne ke narkewa a hankali.

Abin da ya sa aikin ke yiwuwa a tsakar gida shi ne an ɗaure jikin motar da noti ne, ɓangare ɓangare. Majiya ƙarfi huɗu ko biyar sun isa su ɗage rufi da akwatin baya su ajiye gefe, casis ya fito fili. Sai dai notocin na awon inci ne, ba na milimita ba, wanda kuwa ya tilasta musu sufanar motar Japan zai murje kawunansu ya jawo wa kansa aikin mako guda. A nan ne ake bukatar mai walda na gaske, kuma garin da ya girma a kan layin dogo irin Kafanchan bai rasa masu sanin ƙarfe ba. Ƙa'idar ita ce a yanke ruɓaɓɓen wuri har a kai lafiyayyen ƙarfe, a sa sabon faranti mai kauri daidai da na asali. Liƙa faci a kan tsatsa, a shafe da baƙin fenti, gyaran gangar Auzinawa ne. Kafin a yanke kome kuma a auna casis daga kusurwa zuwa kusurwa a rubuta, domin in ya karkace da zafin walda, motar za ta riƙa tafiya a kaikaice kamar kare, tana cin taya har ƙarshen ranta. Idan kuwa guduma ta shige a wuri biyar ko shida, gara a haƙura a nemi wata, a mai da wannan ta zama rumbun kayan gyara.

Bayan casis sai birki. Kowa ya san yadda ake lodi a hanyar gona: buhuna har sun ɗara rufi, 'yan ƙwadago maza da mata a zaune bisa buhunan. Birkin waɗannan motoci na ganga ne a dukan ƙafafu huɗu, kuma a tsofaffin cikinsu hanyar man birki guda ɗaya ce tak. In bututu ya fashe a wuri ɗaya, dukan ƙafafun sun rasa birki a lokaci guda. Bututun da ya shekara arba'in ba abin lallaɓawa ba ne. A cire shi duka a sa sabo, haka robobi da silindojin ƙafa. In akwai canjin da ya cancanci kuɗi a wannan mota, to shi ne a sa mata babbar silinda mai hanya biyu tare da abin ƙara ƙarfin taka birki, irin wanda samfuran baya suka zo da shi. Akwai kuma wani abu da direbobi da yawa ba su sani ba. Birkin hannu na Land Rover ba tayoyi yake kamawa ba, farfela yake kamawa a bayan giyabos. In shaf ɗaya na baya ya karye, ko an ja birkin hannu mota za ta gangara abinta. Shi ya sa tsofaffin direbobi ba sa rabuwa da guntun katako na sa wa taya waigi. Sitiyari ma a duba shi tun daga akwati har ƙwallayen gaba masu sheƙi da tayoyi ke juyawa a kansu. In sun yi ƙuraje za su yayyage roba, mai ya tsiyaye, yashi ya shiga.

Sa'an nan a zo ga inji, inda gardama take. Injin fetur na asali mai silinda huɗu ne, lita biyu da kwata. Ba shi da gudu, in ya kai kilomita 80 a awa ya fara kuka, amma yana da haƙuri, kuma duk bakaniken da ya san kafireto da fulogi zai iya da shi ba tare da kwamfuta ba. Aibinsa shan mai: da ƙyar yake cin kilomita shida ko bakwai da lita guda. Kafin 29 ga Mayu 2023, lokacin da litar fetur ba ta kai naira 200 ba, ana iya kau da kai. Da aka janye tallafi ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, a 2024 kuwa ta taɓa naira 1,000. Nan da nan sai shawara ta zo daga kowane gefe cewa a fitar da shi a dasa injin gas na Toyota ko na wata motar Japan.

Ana yin haka, kuma wasu sun dace. Amma mai niyya ya yi lissafi tukuna. Gas ya fi fetur tsada a lita cikin 'yan shekarun nan, saboda haka ragin da ake hange bai kai yadda ake faɗa ba. Na biyu, giyabos da shaf-shaf na wannan mota an yi su ne daidai ƙarfin injinta, wajen doki saba'in. In aka ɗora musu injin da ya fi haka nesa, aka cika lodi, aka saki kuloci da ƙarfi a cikin taɓo, ko dai haƙorin giya ya kakkarye ko shaf na baya ya tsinke kamar rake. Doguwa ta samfuri na uku ta ɗan fi dama, don an sa mata ƙaƙƙarfan aksul na baya da ake kira Salisbury. Na uku, farantin da zai haɗa baƙon inji da giyabos sai an ƙera shi, in kuwa ya goce ko da kaurin farce ne, kuloci da boris za su riƙa mutuwa ba a san dalili ba. Masu aikin ƙira a Panteka ta Kaduna suna iya fitar da shi, amma a kai musu inji da giyabos su auna da kansu. Mutumin da motarsa za ta yi kilomita goma sha biyar daga gona zuwa Fada sau biyu a mako, zai daɗe bai mai da kuɗin dashen ba. A gare shi ya fi sauƙi a sa wa tsohon injin sabon ringi, a wanke kafireto da lagireto, a sa alternato a madadin tsohon dainamo, a sabunta wayoyin da ɓera ya ci.

Canjin da aka fi yi kuwa, kuma ya fi kowanne haɗari, shi ne ƙara ganyen sifirin da tsawaita akwatin baya don a ƙara lodi. Doguwar Land Rover an yi ta ne don ɗaukar wajen kashi uku cikin huɗu na tan. In buhu ya kai kilo 50, buhu 15 ke nan, ba a sa mutane ba. Ƙarin sifirin zai hana mota durƙushewa, amma bai ƙara wa birki ko casis kome ba, sai ma ya ɗaga nauyi sama, mota ta yi saurin kifewa a karkatacciyar hanya. Manyan tayoyi na ado su ma haka. Taya mai lamba 7.50-16 ta wadatar.

Ko bayan an gama, tuƙinta sai an koya. Ban da sandar giya akwai wasu biyu, ɗaya mai jan kai, ɗaya mai rawaya. In aka danna rawaya ƙasa, ƙafafu huɗu sun kama. In aka ja mai jan kai baya, an shiga ƙaramar giya ta hawan dutse da fita daga laka. Da an hau kwalta dole a mai da ita ƙafa biyu, in ba haka ba farfeloli za su riƙa murɗe juna har wani abu ya karye. Ranar da shaf na baya ya tsinke a daji kuwa, rawayar ce za ta kawo mota gida da ƙafafun gaba.

Kayan gyara ba su ɓace ba. Har gobe ana ƙera su a Ingila, har da sabon casis sukutum, sai dai canjin kuɗi ya sa sun fi ƙarfin talaka. Abin da ya rage shi ne na hannu daga Jos da Kaduna da kasuwar Ladipo ta Ikko, da kuma gawar wata motar, in an riga 'yan gwangwan zuwa, don su alminiyam ɗin suke so a kan sikeli. A tsaunin Mambila an daɗe ana tashin irin waɗannan motoci ta wannan hanya, haka ma a garin Maneybhanjang na ƙasar Indiya, inda motocin shekarun 1950 suka yi ta hawa da mutane da kaya zuwa Sandakphu. Amma manomin Kudancin Kaduna da cutar citta ta 2023 ta ƙone masa gona har iri ya gagara, ba shi da kuɗin da zai binne a mota rabi da rabi. Motar da aka wargaza kuɗi suka ƙare a tsakiya ta fi wadda ke ƙarƙashin mangwaro zama asara. Ya kamata a sa farashin walda da birki da tayoyi huɗu a takarda tun ba a kwance noti ɗaya ba, in ya yiwu mutum biyu ko uku su haɗa hannu.

Takardu kuma kada a bar su baya. A tabbatar da lambar casis ta dace da takardar mai sayarwa, musamman in motar ta fito daga gwanjon wata ma'aikata, in kuma an sake inji ko launi a kai wa ofishin lasin su gyara. Lokacin da ya fi dacewa da fara aikin shi ne Janairu, bayan an sayar da citta, ƙasa ta bushe, ana iya kwanciya ƙarƙashin mota. Wata uku ke nan kafin ruwan Afrilu ya sauka a fara kai iri gona. Fitar farko a yi ta ba lodi ba fasinja, a kan gangaren da direba ya sani, a taka birki sau goma a jere, sa'an nan a sauka a taɓa gangunan a ji ko ɗaya ya fi sauran zafi.