Tsimin Mai Ko Wasa Da Hankali?

A 1985, a gasar tsimin man babur da Craig Vetter ya shirya a Kalifoniya, Matsu Matsuzawa ya yi tsimin da ya kai ma'aunin mil 470 a kowane galan guda. Madalla! To, amma wa zai hau ɗan mitsitsin babur lulluɓe kamar ƙwai zuwa kasuwa?

Da aka farfaɗo da gasar a 2011, sai aka gindaya sharaɗi: gudun mil 70 a awa, ɗauke da jaka huɗu ta cefane. Masu cewa an tsananta, ku saurara: in gudu ya ninka biyu, turjiyar iska ninkawa huɗu take yi. Wanda ya ci da rarrafe, iska ya kauce wa, ba injinsa ya gwada ba.

Mu dai mun ce, a auna babur yadda ma'aikaci yake hawansa. Ramin ƙarya ƙurarre ne.