Kada Baƙon Birni Ya Koma Gida Da Yunwa

Ƴan uwa ƴan kasuwa, da iyayenmu mata masu tuya da masu dama fura, maganarmu ta yau a kan Birnin Damagaram take, da baƙin da ke zuwa kallonsa. Kowa ya san yadda ake yi da baƙo a garin. A ɗauko shi daga masauki a mota ko a kabu-kabu, a tsaya da shi ƙofar fada ya ɗaga kai ya kalli zankwaye, a ratsa da shi lungu biyu ko uku ya ɗauki hoton zanen bango, sannan a mayar da shi otel ya ci shinkafa da taliya irin wadda zai samu a kowane gari na duniya. Mai ƙosai tana kallo ya wuce, mai kilishi yana kallo ya wuce, ƙurar ƙafarsa kaɗai ya bar wa unguwa. A ganina wannan asara ce, kuma gyaranta yana hannun masu sana'a. A shirya zagayen Birni a ƙafa, da ɗan jagora wanda ya san tarihin garin, a sa tukwanen matan unguwa cikin hanyar da za a bi, kuɗin abinci kuma ya shiga hannun mai tukunya kai tsaye.

Abin nunawa dai akwai shi, ba sai an ƙirƙira ba. Ga fadar Mai Martaba Sarkin Damagaram, ga manyan duwatsun da gidaje suka jingina da su, ga abin da ya rage na ganuwa. Ga labarin Sarki Tanimun, wanda ya yi sarauta har 1884, ya ƙarfafa garin har ana ƙera igwa a cikinsa. A nan Bature matafiyi Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya sauka a ƙarshen 1852 ya kwana har farkon 1853. A nan aka kashe sojan Faransa Kazamaju a 1898, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga, kafin Faransawa su ci garin a 1899. Kuma a nan fadar mulkin Nijar take har 1926, lokacin da aka mayar da ita Yamai. A Zango kuwa ga tarihin fatake irin su Malam Yaro, attajirin da kayansa ke ƙetare Sahara. Wannan tarihin ƴan kasuwa ne, domin ayari da ciniki su suka gina waɗannan soraye. Tun a 2006 gwamnatin Nijar ta sa Birni da masarautar cikin jerin wuraren da take neman hukumar UNESCO ta karɓa a matsayin kayan tarihin duniya.

Na san abin da mai karatu zai ce: ina baƙin suke? Gaskiya ne, Turawa masu yawon buɗe ido sun ɗauke ƙafa. Tawayen arewa na 2007 zuwa 2009 ya kore su, sace ma'aikata a Arlit a 2010 ya ƙara rufe hanya. Mutanen Agadas sun fi kowa ɗanɗana wannan. A da jirage na sauka can daga Faransa cike da baƙi, ƴan jagora da maƙeran azurfa da masu motoci suna cin abinci da su. Lokacin da UNESCO ta karɓi tsohon garin Agadas a 2013, da masallacinsa mai hasumiyar ƙasa ta mita 27, baƙin sun riga sun watse. Darasin da ke nan shi ne sana'ar da ta rataya a wuyan baƙon ƙetare kaɗai, ranar da ƙasarsa ta ce masa kada ya zo, ranar take mutuwa.

To amma baƙo ba sai mai jan kunne ba. Ɗalibai nawa ne ke zuwa jami'ar Damagaram daga Tawa da Difa da Dosso, su shekara uku ba su taɓa shiga lungunan Birni ba? Ma'aikata nawa ne ke tahowa daga Yamai, tafiyar kusan kilomita 900, su yi taro na kwana uku a ɗaki ɗaya su koma? Ga ma'aikatan matatar mai ta SORAZ, wadda ta fara aiki a 2011. Ga fatake daga Kano da Daura da Katsina da Maraɗi masu cin Kasuwar Dole ranar Alhamis. Ga masu zuwa hawan Sallah da wasan kara, ga ƴan biki, ga yaran makaranta da malamansu. Duk wanda ya ga cikar garin a bikin 18 ga Disamba na 2018, wanda aka yi wa laƙabi da Zinder Sabuwa, ya san ɗan ƙasa ma yana fita kallo, yana kuma kashe kuɗi. Wannan baƙon ya san fura, ba ya tsoron yaji, kuma in ya ji daɗi zai dawo da iyalinsa.

Wasu garuruwa sun daɗe da gane cewa da ruwan ciki ake jan na rijiya. A Marakish ta ƙasar Maroko, dandalin tsohon gari da ake kira Jama'ul Fana yana cika da masu abinci kowace yamma, kowace rumfa da lambarta, kuma UNESCO ta karrama dandalin tun 2001. A Zanzibar, baƙon da ya yini yana zaga tsohon gari, da almuru sai ya gangara bakin teku a Forodani, inda masu gasa kifi ke jiransa. Kusa da mu, dafa-dukar shinkafa da kifi ta Senegal ta shiga kundin UNESCO a 2021, acekken Kodebuwa ya bi ta a 2024. Abincin talaka ne duka, abincin bakin hanya, amma masu shi suka ɗauke shi da daraja. Mu ma kilishin Nijar da albasar Galmi suna da rajistar sunansu a hukumar OAPI mai kare sunan kaya a ƙasashen Afirka. Alkakin Damagaram kuwa, wa ya taɓa zuwa garin ya koma gida ba a tambaye shi tsarabarsa ba?

Ga yadda nake ganin abin zai tafi. Zagaye na safe, daga hantsi kafin rana ta yi zafi, ko na yamma bayan la'asar, sa'a biyu zuwa uku, mutum goma ko ƙasa da haka, domin lungun Birni ba ya ɗaukar gayya. A fara da koko da ƙosai ko waina mai zafi daga tanda. A shiga wajen fada a ji tarihi. A biya wurin dukawa a ga yadda ake ɗinka fata. A tsaya wurin mai fura a sha da ludayi, a ci kwaɗon zogale ko ɗanwake, a ga yadda mahauci ke shanya nama yana shafa masa labu kafin ya zama kilishi, a rufe da alkaki da nakiya na tsaraba. A kowane zango mai sana'a ce za ta yi bayani da bakinta: daren jiya ta jiƙa wake, da asuba ta kai niƙa, ga abin da ya sa ƙosanta ke tashi. Ɗan jagora ya san shekarun sarakuna, amma sirrin ƙullu yana wurin mai shi.

Yanzu maganar kuɗi, wadda ita ce ke raba abokai. Inda duk ake wannan sana'a, cutar da ke kashe ta ita ce la'ada ta ɓoye. Ɗan jagora ya kai baƙo wurin wanda zai ba shi kaso mafi tsoka, mai kaya ya ɗora kason a kan baƙo, baƙo ya gano an yi masa wayo, ya tafi yana faɗa wa duniya. Maganinta lissafi a fili. Mu ɗauki misali, kowa ya gyara shi yadda kasuwarsa take. Baƙi 10, kowa ya biya jika 3, an tara jika 30 ke nan. Ɗan jagora ya ɗauki jika 10. Masu abinci biyar, kowace ta karɓi jika 3, wato dala 60 a kan kowane baƙo, ya zama jika 15. Sauran jika 5 su shiga asusun unguwa. In an yi zagaye biyu a mako, mai waina ta samu jika 24 a wata a kan cinikinta na kullum, kuma ta san da zuwansu tun jiya, ba za ta yi ƙullun da zai kwana ba. A biya ta a hannu, a gaban baƙi, ranar da aka ci. Kada a yarda da “sai ƙarshen wata”, domin mai tuya da jarin yau take sayen man gobe.

Matanmu sun san adashi, sun san yadda ake karɓa bi da bi ba tare da faɗa ba. Haka za a yi da baƙi. Masu ƙosai na unguwa su haɗa kai, wannan mako na wance, mako mai zuwa na wance. In aka bar ɗan jagora ya zaɓa da kansa, ƙanwarsa da surukarsa za su cinye, sauran kuma su zama masu zagin abin.

Sai dai, iyayenmu mata, gaskiya ɗaya ce, daga ƙinta sai ɓata. Akwai sharaɗi a kanku. Na farko farashi ɗaya. Ƙosan da ɗan unguwa ke saya dala biyar, kada ya koma dala ashirin don an ga baƙo da tabarau. Ribar rana ɗaya ce, asarar shekara. Kuma ranar da farashi ya tashi saboda baƙi har almajiri da ɗan makaranta suka kasa saye, unguwa za ta juya wa abin baya, da gaskiyarta. Na biyu tsabta. Kowa ya san wahalar ruwa a Damagaram, kowa kuma ya tuna annobar amai da gudawa ta 2021 da ta taɓa jihohin Maraɗi da Damagaram. Baƙo ɗaya ya kwanta ciwon ciki, labarin zai riga motarsa isa Yamai. Abin da ake bukata ba mai tsada ba ne: buta da sabulu a gefe, murfi a kan kwano, abinci da zafinsa, man da ya yi baƙi a zubar, ruwan dama fura ya zama mai tsabta, hannun da ya karɓi kuɗi kada ya koma cikin tire. Wannan ma ribar ɗan unguwa ce kafin ta zama ta baƙo.

Akwai dattawan da za su ce ba sa son a mayar da matansu da gidajensu abin kallo. Wannan magana ce mai nauyi, kuma ban ga laifinsu ba. Birni unguwa ce ta mutane masu mutunci, da matan aure a cikin gida, da makarantun allo, da masallatai. Saboda haka ƙa'ida ta riga baƙo shiga. Ba a ɗaukar hoton mace sai da izininta, in ta ce a'a an gama. Ba a wuce zaure sai mai gida ya ce a shigo. Sutura ta zama ta kamala, lokacin salla a tsaya. Matar da ke sana'a daga cikin gida tana iya aiko da alkakinta zaure, ta karɓi kuɗinta ba tare da kowa ya ga fuskarta ba. Mai unguwa da wakilin fada su san kowane ɗan jagora da sunansa da gidansu, a ba shi shaida ya rataya. Baƙo raɓa ne, gobe zai tafi, mu ne za mu zauna da juna.

Jika 5 ɗin nan da na ce a ajiye, ga dalilinsu. A watan Satumba na 2024 ruwan sama ya rushe tsohon masallacin Birni, ginin ƙasa na tsakiyar ƙarni na 19, mutane suna kallo da idonsu. Ginin ƙasa yana son yaɓe da gyaran indararo kafin kowace damina, magini kuma ba ya aiki kyauta. Mai gidan da ba ya samun ko dala daga kyan bangonsa, in ya tsage zai rushe shi ya sa bulo da kwano, kuma ba wanda zai ga laifinsa. In soraye suka ƙare, baƙo ba shi da abin kallo, mai tuya ta rasa baƙo. Asusun unguwa ba zai sake gina masallaci ba, wannan aikin hukuma ne, amma zai yaɓe bango biyu ko uku a shekara a kan hanyar da ake bi. Bangon da aka yaɓe bana, shi ne ba zai faɗi baɗi ba.

Ga ma'aikatar magajin gari, roƙona kaɗan ne. A kwashe shara da ledoji a lungunan da za a bi, a gyara magudanan ruwa, jami'an tsabta su zo su koyar kafin su zo su ci tara. Kada kuma ranar da aka ga baƙi sun fara tsayawa wurin mai waina, a aiko mata da sabon tikiti. A bar kaza ta yi ƙwai tukuna. Malaman tarihi na jami'a su zauna da samarin da za su yi jagora, su haɗa abin da ke cikin littafi da abin da ke bakin dattawan fada, domin kada kowa ya riƙa shara wa baƙo tatsuniyar da ya ga dama.

Abin da na faɗa kan Damagaram ya shafi Agadas, ya shafi kowane gari mai tsohuwar unguwa da masu tuya a bakin lungu. Ba a bukatar jiran wani shiri daga waje ko motar wata ƙungiya. Mata biyar masu sana'a, saurayi ɗaya mai ilimi da ladabi, izinin mai unguwa, da takarda ɗaya da aka rubuta rabon kuɗi a kai, sun isa a fara a wannan Sallah mai zuwa. Shugabannin ƴan kasuwa da na ƙungiyoyin mata, ku kira zaman. In kun yi jinkiri, wani mai otel zai shirya nasa zagayen, ya soya ƙosai a kicin ɗinsa, ya sayar wa baƙo da sunan Birni, ku kuma kuna kallo.

Allah ya sa albarka a sana'a, ya ba mu zaman lafiya da damina mai kyau.