Turare Ba Ya Maganin Warin Magudana

A gidaje da dama, da zarar wari ya taso daga wurin wanke-wanken kicin, sai uwargida ta kunna turaren wuta. Turaren na ƙarewa, warin na dawowa, domin tushensa yana cikin bututu.

Duk wanda ya leƙa ƙarƙashin sinki zai ga bututun ya lanƙwashe kamar harafin U. Ruwan da ke kwance a lanƙwasar shi ke tare iskar sokawe mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Idan ruwan ya ƙafe bayan doguwar tafiya, a saki famfo na minti ɗaya. Idan kuwa mai aikin famfo ya tsallake lanƙwasar don rage kuɗi, sai a kira shi ya saka ta.

Sauran matsalar daga girki take. Manja da kitse suna daskarewa a jikin bututu, su riƙe ragowar tuwo da shinkafa har su ruɓe. A kwashe maiƙo a zuba a shara, a sa rariya a bakin ramin, sannan kowane mako a bi shi da ruwan zafi da jiƙaƙƙiyar kanwa.

Amma a kiyaye haɗa bilic da ruwan wanke masai mai asid, domin haɗin yana fitar da iskar kulorin mai ƙona huhu. Gara warin da ita.