Wasiƙa Zuwa Ga Masu Majigi Na Sabo, Ibadan

'Yan'uwa, masu gidajen kallon ƙwallo da masu kafa majigi a wajen tafsiri da biki. 

A kan allo nake son mu yi magana. Mutum zai niƙi gari har kasuwar Alaba a Legas, ya zuba kuɗi ya sayo majigi, ya dawo Sabo ya kafe masa zanin gado da ƙusa huɗu, sannan ya riƙa cewa mai shago ya cuce shi. Malam, rabin kyan hoto a jikin allo yake.

Babban abin da ke kayar da mu son girma ne. Hasken majigi ƙayyadadde ne. In ka ninka faɗin allo da tsayinsa sau biyu, filinsa ya zama ninki huɗu, hasken da ke sauka a kowane taƙi kuwa ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Shi ya sa a wasan Firimiya na la'asar, rana na leƙowa ta ƙarƙashin kwano, sai ka ga ciyawa ta koɗe, na bencin baya yana ta miƙa wuya yana tambayar ina ƙwallo take. Sabo unguwa ce da aka kafa tun 1916, gini manne da gini, ɗakunanmu ba su da yalwa. Allo mai inci 100 a tsarin 16:9, wato faɗi kusan santimita 221, tsayi 125, ya ishi yawancinmu. Ku riƙe wannan ma'auni: nisan bencin ƙarshe kada ya wuce tsayin allo sau shida, in ana son a karanta maki ko aya ba tare da runtse ido ba. Ga wannan allon, mita 7.5 ke nan.

Ku guji abu mai sheƙi. Shadda da bayan banar roba suna tara haske a tsakiya, na gefe ya tashi da duhu, alhali kuɗi ɗaya suka biya. Ga mai wuri na dindindin, ban ga abin da ya kai falankin katako mai santsi ba: a goge da samfefa, a shafa farin fenti marar ƙyalli, a zagaye bakinsa da baƙi. Baƙin nan yana sa hoto ya fito raɗau. Inda haske ya ƙi toshuwa, fenti mai ɗan ruwan toka ya fi, muddin majigin na da ƙarfi.

Masu yawo da kaya, ku nemi farin yadi mai kauri a Gbagi, a ɗinka masa baƙi a baya don kada haske ya zurare, a ɗame shi a firam. Nan ba Kano ba ce. Daga Afrilu zuwa Oktoba ruwa ne da laima, kuma yadin da aka ninke da danshi fumfuna zai yi, tabon ba ya fita. Ku shanya, ku naɗe a jikin bututu. A fili kuma a ɗaga shi sama da kan mutanen sahun gaba, a ɗaure ƙasansa saboda iska.

Don Allah, kafin ku yanka yadi ko katako, ku haska majigin a bango da rana tsaka, ku je bencin ƙarshe ku zauna, ku yi ta rage hoton har sai kun karanta rubutu sarai. Wannan girman za ku yanka.

Allah ya ba da kasuwa. Wassalam.