Yaƙin Teku a Kan Tebur: Wasa ne ko Darasi?

Da zarar an ce wasan kan tebur, abin da zai fara faɗo wa ɗalibi a rai shi ne ludo ko karta, ko kuwa dara idan ya taɓa zama da dattawa a gindin bishiya. To amma akwai wani nau'in wasa da bai yaɗu a wajenmu ba, wanda ake shimfiɗa taswira da jadawali a kan tebur, a ɗauko wani yaƙi da aka gwabza a tarihi, a sake buga shi da ƙwayar ludo da fensir. Daga cikin irin waɗannan wasanni, wanda na fi bugawa shi ne na jiragen ƙarƙashin teku na Yaƙin Duniya na Biyu, wato yaƙin da tsofaffi ke kira Yaƙin Hitila. Wasu abokan karatuna na ganin ɓata lokaci ne, wasu na kiransa caca, wasu kuma na tambaya ko ya dace mutum ya mai da mutuwar dubban jama'a abin nishaɗi. A nawa ra'ayin wasan yana da amfani ƙwarai, amma da sharaɗi. Zan kawo hujjojina, sannan in faɗi sharaɗin.

Bari in fara da bayanin yadda ake yinsa. Wanda nake magana a kai sunansa The Hunters, wani mai suna Gregory M. Smith ne ya tsara shi, aka fitar da shi a shekarar 2013. Mutum ɗaya ke buga shi. Zai zama kyaftin ɗin jirgin ƙarƙashin teku na ƙasar Jamus, ya riƙa fita sintiri ɗaya bayan ɗaya tun daga 1939 har zuwa 1943, idan ya yi tsawon rai. Ƙwayar ludo ce ke nuna yankin da za a tura shi da abin da zai tarar a can, ko jirgin kaya guda marar kariya, ko ayarin jirage da 'yan rakiyarsu, ko jirgin sama da zai faɗo masa ba zato. Shi kuma nasa shi ne yanke shawara. Zai matsa kusa don harbinsa ya samu, alhali kusantar na sa a gano shi? Makaman tofido nawa zai saki, nawa zai ajiye? Idan jirginsa ya lalace, zai ci gaba ne ko zai koma gida? Bayan kowane sintiri sai ya rubuta nauyin jiragen da ya nutsar a takarda.

Hujjata ta farko ita ce, gani ya kori ji. Littafin tarihi zai gaya maka cewa Jamus ta shiga yaƙin da jiragen ƙarƙashin teku 57 kacal, alhali shugabansu, Karl Dönitz, 300 yake so. Zai gaya maka cewa Birtaniya tsibiri ce, abincinta da man fetur ɗinta ta ruwa suke zuwa, don haka Jamus ta ƙudura niyyar nutsar da jiragen kaya fiye da yadda za a iya ƙera sababbi. Duk wannan za ka iya haddacewa ka ci jarrabawa. Amma sai ka zauna a gaban tebur za ka fahimci dalilin da ya sa abubuwa suka tafi yadda suka tafi. Misali, jiragen wancan zamani yawancin tafiyarsu a saman ruwa suke yi da injin dizal. Idan suka nutse sai su koma kan batir, gudunsu ya ragu da fiye da rabi, batirin kuma ba ya daɗewa. Shi ya sa kyaftin-kyaftin ɗin Jamus suka fi son kai hari da dare a saman ruwa, inda na'urar da Ingilishi ke lalubo abin da ke ƙarƙashin ruwa ba ta cika amfani ba. Haka kuma a farkon yaƙin makaman tofido na Jamus da yawa ba sa tashi ko da sun sami jirgi. Ranar da ka ɓata lokaci kana bin ayari, ka yi saiti, ka harba, ƙwaya ta nuna makamin bai tashi ba, ba za ka sake mance wannan darasi ba.

Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne yadda wasan ke sauya fuska daga shekara zuwa shekara. Bayan Faransa ta faɗi a watan Yunin 1940, Jamus ta sami tashoshi irin su Lorient da Brest a bakin Tekun Atlantika, farauta ta yi sauƙi, har sojojin ruwanta suka riƙa kiran lokacin da lokacin farin ciki. Daga nan sai ƙasa ta fara zamewa. Ingilishi suka kama jirgin U-110 a watan Mayun 1941 da na'urar Enigma a cikinsa, masana a Bletchley Park, ciki har da Alan Turing, suka riƙa warware saƙonnin sirrin Jamus. Aka ƙara jiragen rakiya, aka inganta na'urar hangen nesa ta rada, aka sami jiragen sama masu dogon zango da suka rufe tsakiyar teku inda a da babu mai tsaro. A watan Mayun 1943 kaɗai Jamus ta yi asarar jiragen ƙarƙashin teku sama da 40, ɗan Dönitz na cikinsa ma yana cikin waɗanda suka mutu, dole ya janye jiragensa daga arewacin Atlantika. Mai wasa yana jin wannan a jikinsa, domin dabarar da ta fisshe shi a 1940 ita ce za ta kashe shi a 1943. Daga cikin mutum kusan 40,000 da suka fita yaƙi a waɗannan jirage, kusan 30,000 ba su dawo ba. Wasan da ke koya maka cewa yawancin jaruman da ake yi wa kirari ruwa ne ya ci su, da wuya a ce yana kwaɗaitar da mutum yaƙi.

Hujjata ta biyu ita ce tarihin wasan kansa. Tun a 1824 wani hafsa mai suna Georg von Reisswitz ya gabatar wa rundunar Prussia wasan yaƙi na taswira da ƙwaya, aka karɓe shi a matsayin hanyar horar da hafsoshi. A yaƙin tekun da muke magana a kai ma, wasa ya taka rawa. A farkon 1942 rundunar ruwan Birtaniya ta buɗe wani sashe a birnin Liverpool ƙarƙashin Kyaftin Gilbert Roberts. Yawancin ma'aikatansa 'yan mata ne na reshen mata na rundunar. Da alli suke zana teku a daɓen ɗaki, su jera 'yan ƙananan jirage na katako, hafsoshi kuma su tsaya bayan labule suna leƙe ta 'yar kafa, don kada su ga fiye da abin da kyaftin zai gani a teku. Ta haka suka gano cewa jiragen Jamus kan kutsa tsakiyar ayari ne da dare su yi harbi, sannan su nutse su bar ayarin ya wuce ta kansu. Suka ƙirƙiro dabarun da jiragen rakiya za su bi su kama su, suka kuma horar da hafsoshi kusan 5,000 kafin yaƙin ya ƙare. Masu iya magana sun ce da wasa ake gaya wa wawa gaskiya. A Liverpool kuwa da wasa aka gaya wa manyan hafsoshi gaskiya, aka ceci rayuka.

Yanzu sai batun masu suka. Wanda ya ce caca ce, ƙwayar ya gani ya tsaya a nan. Caca ita ce a sa kuɗi ko dukiya, wani ya ci, wani ya tafi hannu rabbana. A wannan wasa ko kwabo ba a sawa. Aikin ƙwayar shi ne ta tsaya a madadin abin da kyaftin ba shi da iko a kai, kamar hazo, da igiyar ruwa, da idon mai gadi a jirgin abokan gaba. Wanda kuma ya ce ɓata lokaci ne, zan ce masa kowane abu idan ya wuce kima ya zama illa, kuma ɗalibin da ya bar karatun jarrabawa ya kama wasa, laifinsa ne.

Suka ta uku ce mai nauyi, kuma ba zan raina ta ba. Mai wasa yana tsayawa ne a matsayin sojan gwamnatin Hitila, gwamnatin da ta kashe Yahudawa miliyan 6 da wasu miliyoyin bayin Allah. Bugu da ƙari, takardar da yake cikewa nauyin jirgi take ƙirgawa, tan kaza, tan kaza. Babu gurbin da aka ware don rubuta mutanen da ke ciki. Haka Dönitz yake lissafinsa, kuma wanda ya daɗe yana wasan ba tare da tunani ba, zai iya wayar gari yana kallon teku da idon Dönitz. Ma'aikatan jiragen kasuwancin Birtaniya sama da 30,000 ne suka mutu a yaƙin, kuma ba sojoji ba ne. Masu dafa abinci ne, da masu zuba gawayi a injin, da masu goge daɓe.

Mu 'yan Nijeriya bai kamata mu ɗauki wannan a matsayin labarin wasu can ba. Ɗaya daga cikin yankunan da wasan ke tura mutum sintiri shi ne gaɓar Afirka ta Yamma. Freetown ta ƙasar Saliyo ita ce zangon da jirage ke taruwa su yi ayari zuwa Ingila, a cikinsu har da waɗanda suka yi lodi a Legas da Fatakwal. Me suke ɗauka? Gyaɗar Kano, da manja da kwakwar manja na kudu, da kuzar Jos, wadda buƙatarta ta tsananta bayan Japan ta mamaye Malaya a 1942, har Turawan mulkin mallaka suka riƙa kai mutane aikin tilas a ma'adinan Filato. A 1941 jirgin U-107 ya nutsar da jirage 14 a sintiri guda, yawancinsu a kusa da Freetown. Kamfanin Elder Dempster, wanda jiragensa ke zirga-zirga tsakanin Liverpool da gaɓarmu, kuma yake ɗaukar 'yan Afirka ta Yamma aiki, ya rasa jirginsa Accra a watan Yulin 1940, ya kuma rasa Abosso a watan Oktoban 1942, inda mutum 362 suka halaka. Saboda haka lokacin da na rubuta tan dubu kaza a takardata, mai yiwuwa ne a zahiri akwai ɗan Legas ko ɗan Kalaba a ɗakin injin wannan jirgi.

Akwai kuma abin da babu jadawalin da zai iya ɗauka. A ranar 12 ga Satumban 1942 jirgin U-156 ya nutsar da Laconia a yammacin Afirka. Da kyaftin ɗinsa, Werner Hartenstein, ya ga teku cike da mutane, ciki har da mata da yara da fursunonin yaƙi 'yan Italiya, sai ya tsaya ceto, ya yi shela ta rediyo yana neman taimako, ya shimfiɗa tutar Red Cross. Bayan kwana 4 wani jirgin saman Amurka ya zo ya jefa masa bama-bamai. Daga nan Dönitz ya ba da umarnin kada a sake tsayawa ceton kowa. Mutum sama da 1,600 suka mutu. Wa ke da gaskiya, wa ke da laifi? Ƙwayar ludo ba ta da amsar wannan.

To ga sharaɗin da na yi alkawari. Na ɗaya, sunayen jiragen da ke cikin wasan, sama da 350, na gaskiya ne. Duk wanda ya nutsar da jirgi a kan tebur, ya ɗauki sunan ya bincika a laburare ko intanet, ya san daga ina ya taso, me ya ɗauko, mutum nawa suka mutu. Ya ƙara gurbi a takardarsa ya rubuta wannan adadi kusa da nauyin jirgin. Na biyu, kada ya tsaya a shekarun daɗi. Ya buga har 1943, ko har ruwa ya ci jirginsa, domin wanda ya bar wasa a 1940 rabin labari ya ji. Na uku, idan da hali a haɗu mutum uku ko huɗu, a zana teku a kan kwali, wasu su zama 'yan rakiyar ayari kamar yadda aka yi a Liverpool. Wanda ya taɓa ɗaukar nauyin tsare jirage 40 da 'yan rakiya 5 ko 6 a cikin duhu, zai san cewa kare rai ya fi ɗauke shi wuya.

A taƙaice dai, 'yan'uwana ɗalibai, ban ga laifin wannan wasa ba matuƙar mai yinsa bai mance cewa a bayan kowane adadi akwai mutum ba. Wanda zai buga shi don ya yi alfahari da lambar yabon Hitila, gara ya koma ludonsa. Wanda kuwa zai buga shi don ya san yadda aka yi gyaɗarmu da kuzarmu da mutanenmu suka shiga yaƙin da ba su suka tayar ba, zai tashi daga kan tebur da ilimin da ya fi wanda ya zauna da shi. Allah ya ba mu zaman lafiya, ya sa yaƙi ya tsaya a kan tebur.